Sabi'u Mai Faci da Tagar da Na Toshe

Shekara takwas ke nan da muka kai Sabi'u makwancinsa, a maƙabartar da ke bayan gonakin ƙauyenmu, kusa da Tsanyawa. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, na girme shi da shekara goma sha ɗaya. Duk damina, idan gero ya fara fid da kai, nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa. Bana dai na zauna.

Mutane da faci suka san shi. Yana da 'yar rumfa a bakin tasha, babu direban da bai taɓa miƙa masa taya ba. Amma ransa ba a nan yake ba. Idan ya shiga Kano sayo kayan aiki, sai ya biya wurin 'yan gwanjo ya kwaso karyayyun kayan wasan yara: 'yan sojoji, 'yan ƙwallo, dawakai, kowanne bai fi tsawon yatsa ba. Wani ba hannu, wani ba ƙafa. Shi kuwa burinsa ya mayar musu da abin da suka rasa.

A waya ya ga yadda ake yi. Zai nemo soja mai lafiyayyen hannu, ya cire hannun, ya kafa shi da yumɓu a kan ɗan katako. Sai ya sa burushi ya shafe shi da farin ruwan roba, ya bari ya bushe, ya sake shafawa, har sau goma ko fiye, tsakani yana naɗa zaren bandeji don ya yi ƙwari. Bayan kwana uku sai ya saɓule robar kamar safa, ta fito da siffar hannun a cikinta, har da tsagar yatsu. Wannan shi yake kira mazubi. A ciki yake zuba rezin, wani ruwa mai kauri kamar zuma, wanda ake ɗiga masa magani ya ɗau zafi ya daskare. Idan ya fito, ya goge shi da samfefa, ya yi fenti, ya liƙa. Ba ya sayarwa. Jera su yake yi a allo yana kallo, wani lokaci ya ba 'yarsa Fa'iza ɗaya.

Da farko a ƙofar gida yake wannan aiki, ƙarƙashin darbejiya, iska na kaɗawa. To, garinmu gida jingine yake da gida, gona haɗe da gona, abin da ka dafa ma maƙwabci ya sani. Ba a jima ba aka fara cewa ƙanin Malam yana ƙera gumaka. Ni ne Malam ɗin, ina koyarwa a Islamiyyar unguwa. Magidanta biyu suka cire 'ya'yansu, na uku ya daina amsa sallamata da fara'a. Na san malamai sun yi bayani mai faɗi game da kayan wasan yara, da na so da na buɗe littafi na zauna da mutanen nan. Ban yi ba. Sunana nake ji.

Na kira Sabi'u zaure na yi masa faɗa sosai. Ya saurara kansa a ƙasa, sannan ya ce, "Yaya, ba bauta musu nake yi ba. Hannu ne ya karye na mayar." Na ce ko ya daina, ko ya shige inda ido ba zai gan shi ba. Na ba shi tsohon ɗakin ajiyar hatsi na can ƙurya. Taga ɗaya gare shi, tana kallon lungu, kuma don kada warin rezin ɗin ya fita masu wucewa su ji, na toshe ta da laka.

Shekara huɗu ya yi yana aiki a ɗakin nan, ƙofa a rufe. Matarsa Rabi ta zo mini har sau biyu, ta ce yana fitowa ido jawur, kai na sarawa, farin gari cike da hancinsa. Na ce mata aikin banza ne ya ɗora wa kansa, idan ya gaji zai bari. Sai tari ya fara. Muka ce mura ce, muka sayi magani a kemis, muka jiƙa saiwoyi. Ranar da ya kasa buga famfo ya cika taya ɗaya, ya zauna a ƙasa yana haki, sannan na ɗauke shi muka hau ƙaramar bas zuwa asibiti a Kano.

Likita ya duba hoton ƙirjinsa, ya tambaye shi me yake shaƙa a wurin aiki. Sabi'u ya dube ni, ya ce faci kawai yake yi. Bai ambaci ɗakin ba. Ni ma ina tsaye a wurin, ban ambata ba. Likitan ya ce huhun ya lalace ƙwarai, bai iya yanke dalili ba. Wata biyar bayan nan Sabi'u ya cika, da la'asar, ana yayyafi, yana da shekara talatin da shida.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ni nake koya wa yara hakan. Ba kuma zan rantse cewa ɗakin ne ya kashe shi ba. Amma sanin nan bai taɓa sauke mini nauyin ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Matasa a Kano suna zuba rezin ɗin nan suna yin maƙalin mukulli da 'yan kunne da faranti, suna tallarsu a waya, hanci rufe da takunkumi, ana sa musu albarka. A kasuwarmu ta mako akwai mai shimfiɗa kayan wasa tuli, na kuma ga ɗaya daga cikin magidantan nan yana saya wa jikansa doki. Sabi'u ba mai gori ba ne. Ina jin tsugunawa zai yi ya tambaye su yadda suke hana kumfa shiga cikin zubi, don abin da ya fi ba shi wahala ke nan.

Fa'iza tana da shekara tara da ya rasu. Bayan Babbar Sallar bana ta roƙe ni in buɗe mata ɗakin. Mazuban duk sun narke sun manne da juna, wasu ana taɓawa sai su marmashe. 'Yan sojojin ne kawai suka rage, a cikin gwangwanin madara. Ta duba bango, ta tambayi dalilin da ya sa ɗakin ba shi da taga. Na gaya mata komai, har maganar asibiti. Da na gama ta ce, "Baffa, ya san kai ka toshe?"

Na ce, "Shi yake miƙo mini lakar."

Ta ɗauki gwangwanin ta fita. Washegari ta zo ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ta kawo mini koko. Ban san ko ta yafe ba, ban kuma tambaya ba.

Sabi'u bai bar gida ko gona ba, rumfarsa ma wani ke ciki. Ya bar 'ya mai haƙuri irin nasa, ya bar direbobin da har yau ke cewa ba a ƙara yin mai faci kamarsa ba. Ni kuwa ya bar ni da sanin cewa ya rufa mini asiri a gaban likita, a ranar da faɗin gaskiya ne ya fi yi masa amfani. Allah ya jiƙan Sabi'u, ya yalwata masa kabarinsa. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ni ma ya roƙa mini gafara.