Yajin da ba a yi wa biko ba

Ɗan goggona ne, saboda haka taubashina ne, kuma tun muna yara nake kiransa bawana. Da ya girma duk Magariya ta koma ce masa Delege, wato wakilin ma'aikata, amma ni ban canza ba.

Ni cinikin gyaɗa na shiga, da jakin aro, ina bin kasuwannin Dungas da Waca ina saye a hannun manoma ina kawowa kantin Nasara a Magariya. Shi kuwa dako ya kama a bakin wannan kanti, yana ɗora buhuna a kamiyon, babbar motar da ke kai su Kano. Kafin nan an taɓa ɗibarsa aikin tilas na hanyar mota. Ya dawo da tabon bulala a gadon baya, da ɗan Faransancin da ya ishe shi ya gane in an zage shi.

Bayan an hana aikin tilas sai mutanen sandika, ƙungiyar ma'aikata, suka fara zuwa daga Damagaram suna yi wa 'yan dako magana. A shekarar wani ɗan dako ya zame daga kan katakon hawa mota da buhu a ka, ƙugunsa ya karye. Nasaran kanti ya sa aka janye shi gefe, aka ba wani gammonsa. Baƙin nan suka ce maganin wannan shi ne garef. Ina gindin tsamiyar da ake taron, na ji wani dattijo cikin 'yan dako ya ce, "Shi garef ɗin nan, sha ake yi ko shafawa?"

Taubashina ya miƙe ya ce, "Baba, in miji ya matsa wa mace, me take yi?"

"Yaji mana."

"In ta yi, wa ke ɗaukar goro ya bi ta gidansu?"

"Mijin, in yana da hankali."

"To, mu ne matar."

"Kai ne dai matar, ɗan nema! Ni da gemuna?"

Aka kwashe da dariya, amma magana ta zauna. Washegari babu wanda ya taɓa buhu.

Ƙarshen ciniki ne lokacin. Gyaɗa na jibge a fili ba rumfa, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas kullum da yamma. Nasara ya yi ihu, ya yi barazana, ya dubi sama. Daga ƙarshe ya aiko tafintansa da ƙwaryar goro. Aka ƙara lada, aka yarda duk wanda ya ji ciwo a bakin aiki kanti zai kai shi likita. 'Yan dako suka ɗaga taubashina sama suna kewaya kasuwa suna cewa biko ya zo.

Daga nan ya hau. Masu ɗinkin buhu suka shiga ƙungiyarsa, direbobi suka shiga, har masu share ofishin kumandan, Baturen da ke mulkin yankin. Jam'iyyar da ke tare da ma'aikata ta tsayar da shi, ya ci zaɓe, ya tafi majalisa a Yamai. In ya zo gida zai zauna kan buhuna a wurin awona, ya ce, "Ɓarawon sikeli, yau manomi nawa ka yanka?"

"Bawana, tashi daga kan dukiyar ubangidanka. An ce a Yamai ma dako kake yi, jakar manya kake ɗauka."

Ba zan ce waliyyi ba ne. Yana son a tafa masa, kuma in ya fara magana ba ya jin kowa. Amma ban taɓa jin ya ci haƙƙin ɗan dako ba, kuma a sana'armu da ya ci da na ji.

Sai aka zo zaɓen nan na i ko a'a, ko a ci gaba da zama da Faransa ko a rabu. Jam'iyyarsu ta ce a'a, sarakuna da kumandan suka ce i, aka ce i ta ci. Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe, ya rasa kujerarsa. A duk yankinmu shi ya zama babban ɗan adawa, wanda in an gan ka da shi gardi, ɗan sandan kumandan, zai tambayi sunan ubanka. Nasaran kanti bai ɓata lokaci ba. Ranar da aka buɗe ciniki ya ce alkawarin likita ya tashi.

Taubashina ya kira yaji na biyu. Na same shi da hantsi a zauren goggo na ce masa, "Bawana, wancan karon ba kai Nasara ya ji tsoro ba. Hadari ne ya yi maka biko. Yanzu ka duba sama, ko gajimare babu. An gama girbi, kowane ƙauye cike yake da majiya ƙarfi masu neman cin rani."

"Kai ɗan kasuwa ne, gyaɗarka kake ji."

"Ina jin ta, ban ɓoye ba. Amma mai yaji gidan ubanta take zuwa, a ba ta tuwo har mijin ya huce. Mutanenka gidan wa za su?"

"Zai zo. Buhu ba ya hawa mota da ƙafarsa."

Nasara bai zo ba. Kumandan ya yi wa sarki magana, sarki ya yi wa masu gari, sai ga samari daga Guci da ƙauyukan Dungas an kawo su a mota, gardawan kumandan na tsaye da bulala suna gadinsu. Ba su iya ɗaukar buhu ba, suna yi suna faɗuwa, amma motoci na cika suna tafiya. 'Yan dako na zaune gindin tsamiya suna kallon hanya, suna jiran tafinta da goro. Da gaske suke jira, don abin da aka koya musu ke nan: yaji ba ya ƙarewa sai da biko, kuma wadda ta koma da ƙafarta ta zama abin dariya har ta mutu. Na ga mutum ya sayar da akuyar matarsa, na ga wanda ya sayar da ƙofar ɗakinsa. Hatsin da na iya na auna musu, amma ni ba rumbun sarki ba ne. Ɗan wani daga cikinsu ya mutu da zawo, aka binne shi, suka dawo suka zauna.

Ranar da aka yi jana'izar nan dattijon da ya yi maganar gemu ya dubi taubashina a gaban jama'a ya ce, "Delege, ka ce mu ne matar. To ga alama an sake mu, kai ne ba ka faɗa mana ba."

Taubashina ya tashi ya tafi gida. Da safe ya sa rigarsa ta majalisa ya tafi ofishin kumandan shi kaɗai. Tafintan kumandan ne ya ba ni labari daga baya. An bar shi tsaye a rana har azahar. Da aka shigar da shi ya roƙi a mayar da mutanensa bakin aiki. Kumandan ya ce za a mayar, bisa tsohon lada, ba likita, ba ƙungiya, kuma shi ya bar ƙasar kafin a neme shi da gidan kaso. Taubashina ya ce ya yarda.

Ya dawo gindin tsamiya ya faɗa musu su koma, kunyar tasa ce, shi ya yi roƙon. Babu wanda ya tafa, babu wanda ya zage shi. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna naɗa gammo. Nasara ya tsaya a bakin kanti yana zaɓa da sandarsa. Masu ƙarfi ya ɗauka, tsofaffi da waɗanda aka san bakinsu ya kaɗa musu hannu.

A motar da na yi wa lodi taubashina ya tafi, a saman buhuna. Goggo ba ta fito ba.

Bayan damina na haye iyaka zuwa Babura cin kasuwa na gan shi a tasha. Ya rame, yana yi wa wani mai mota kiran fasinja. Muka gaisa, ya ja ni gefe.

"Suna aiki?"

"Wasu suna yi."

"Dattijon fa?"

"Ba a ɗauke shi ba. Yana wurin 'yarsa a Waca, idonsa ya tafi."

Ya murza hularsa. Mai motar ya ƙwala masa kira, sai taubashina ya ce mini in gaida goggo, kada in ce mata na gan shi a tasha. Sannan ya juya yana kiran Kano, Kano, saura mutum biyu.