Furar da Aka Ƙi Karɓa da Hauni

A zamanin da muke yara, a ƙauyenmu da ke kusa da Kore Mairuwa, ba a kiran ciwo ciwo sai ya kwantar da mutum. Muddin ƙafafunka suna ɗaukar ka, to lafiyarka lau, tashi ka kama aiki. Yanzu kowane ciwo ya sami suna, har da na Faransanci. Akwai lokotoro, wato likita, a Dogon Dutsi, akwai farmasi ta sayar da magani, ga kuma masu yawo da lasifika ranar kasuwa suna rantsuwa cewa ƙwaya ɗaya tana maganin komai, daga basir har mantuwa. Abubuwa da yawa sun sake. Abin da ya fi ƙona mini rai ne ya ƙi sakewa, sai da na tsufa na same shi zaune yana jira na.

Kakarmu Gwamma, wadda ta haifi babana, tana da sanyin ƙashi a hannun dama. Ba kullum yake tashi ba. Sai ta yi makonni tana kaɗi da sussuka kamar kowace mace. Rana ɗaya kuma, musamman in damina ta zauna ƙasa ta sha ruwa, sai gaɓoɓin yatsunta su kumbura kamar 'ya'yan aduwa, su ɗauki zafi kamar daga toka aka tono su. Irin wannan rana ko zane za ta ɗaura sai haƙori ya taya ta.

A irin waɗannan ranaku ne muke samun gatana, wato tatsuniya. Bayan an ci tuwo sai ta hura wuta a murhun ɗakinta, ta ɗora kasko cike da rairayi. In ya yi ɗumi ta juye shi cikin wani tsohon akushi, ta tura hannun har wuyansa, ta lumshe ido. Mu jikoki muna tsugune muna jira. Doka ɗaya gare ta: ba gatana sai an murza yatsu. Ni take kira mijinta.

"Kai miji, taho nan. Ba ka yi mini noma, ba ka saya mini zane, to ko yatsa ka murza."

"Ai na sake ki tun jiya," in ce.

"Ka sake ni? Wa za ta kwashe ka, da wannan kai naka kamar tulun da ya faɗo daga jaki?"

Sai a yi ta dariya, in matso. Ta zaro hannun daga rairayi, in lakato man kaɗe, in bi kowane yatsa daga gindi zuwa kai, a hankali, kamar mai shafa ɗan tsako. In na danna da ƙarfi, ƙwanƙwasa ce za ta sauka a tsakar kaina daga hannun hagu, wanda mu a Arewa muke ce wa hauni. In an gama ta tsaga kara, mu ɗaura mata a yatsun da tsumma don kada su lanƙwashe cikin barci. A lokacin muna zaton don mu take ba da labari. Sai da na girma na lura cewa daren da ciwon ya fi tsanani, gatanar ta fi tsawo. Daren da hannun ya lafa kuwa kora mu take yi: "Ku tahi, gatana ta tai biki, sai ta komo."

Akwai wata gatana da ta ba mu sau ɗaya tak. Ba zan iya faɗin ta ba sai na faɗi abin da ya faru da rana.

Maigidan gidanmu a lokacin shi ne Tsoho Maidaji, wan marigayi kakanmu. Ranar wani falke abokinsa daga Kwanni ya sauka, suna zaune a zaure da shi da babana. Matan gida duk sun tafi rijiya, Gwamma kaɗai ta rage saboda hannun ya kumbura tun asuba. Baƙo ba ya jira, sai ta dama fura da kanta. Yadda ta yi da hannu ɗaya, Allah kaɗai ya sani. Ƙwaryar ta fi ƙarfina, don haka ita ta ɗauko, ta rungume ta da hauni a ƙirji, ta durƙusa a bakin zaure ta miƙa. Baƙon har ya ɗago hannu zai karɓa.

"Tsaya," in ji Tsoho Maidaji. "Gidan ga ba a ba baƙo da hauni. Miƙa kamar ɗiyar mutane."

Yana ganin hannun. Kowa yana ganin sa, yatsu sun yi suntum suna ƙyalli. Baƙon ya ce a bari, ba komai. Tsoho ya ce shi da komai a wurinsa, kada a je Kwanni a ce gidan Maidaji ba su san ladabi ba. Babana, ɗan da ta haifa, ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Gwamma ta mai da ƙwaryar kan hannun dama. Ƙwaryar ta karkace, ta kife, fura ta bi ƙasa har ƙarƙashin takalmin baƙo.

"Kun gani," in ji Tsoho. "Tsufa ya zo da sakarci."

Da dare ta hura wutarta kamar kullum. Ba ta yi mini wasan miji ba. Ta tura hannu cikin rairayi ta ce, "Ga ta nan tahe, ku ba ta hanya." Muka ce ta shigo, mun share mata wuri.

Ta ce a farkon duniya ruwa maƙwabcin mutane ne, yana kwance kusa, mace ta tona rairayi da hannu ta ɗiba. Wata shekara ya ɓuya. Dabbobi suka mutu, mutane suka kwanta harshe waje. Sai wata tsohuwa da kunama ta harba a hannun dama ta shiga daji neman ganyen magani, ta iske ruwa zaune cikin kogon dutse. Ta roƙe shi ya komo gari. Ruwa ya ce, "Zan shiga ƙwaryarki. In sarki ya sha ni, zan koma kowace rijiya. Amma kada ki bari in taɓa ƙasa." Ta ɗauko shi a ka, ta ratsa ƙaya da rana, ta iso fada. Sarki yana kwance leɓe ya tsage. Ta sauke ƙwarya da hauni ta miƙa. Sai sarkin fada, wanda shi kansa muryarsa ba ta fita don ƙishirwa, ya yunƙura ya ce, "Da hauni? Ga sarki?" Sarki ya gyaɗa kai. Tsohuwa ta mai da ƙwarya hannun da kunama ta harba. Ƙwarya ta kife. Ruwa yana nutsewa yana cewa, "Garin da ya fi son hannu da ruwa, ya biyo ni da igiya."

"Shi ya sa rijiyarmu take da nisa," in ji Gwamma. "Shi ya sa uwayenku suke komowa tafin hannu duk kanta."

Muka jira. Gatana ba ta ƙarewa haka. Kullum mugu yana shan kashi.

"Sai mi, Kaka?"

"Sai ƙishirwa."

"Sarkin fadan fa? Ba a kashe shi ba?"

Ta ɗaga murya yadda za ta tsallake darni ta kai ɗakin Tsoho Maidaji. "Wa za ya kashe shi? Yana nan da ransa. Har jikoki ya yi." Sannan ta ce kan ɓera ya ƙone ƙurmus, wanda bai ƙoshi ba ya lashi toka, kowa ya tafi ya kwanta.

Daga ranar ba ta ƙara cin abinci cikin mutane ba in ciwon ya tashi. Takan ja akushinta bayan ƙofa, ta ci da hauni a ɓoye kamar ɓarauniya. Matar da ta haifi rabin gidan. Haka ta yi har ta rasu, kuma ban taɓa jin wani babba ya ce wannan ba daidai ba ne.

Na bar gida da ƙuruciya, na bi motocin albasa da na dabbobi. Na zauna a Kumasi da Abijan, na yi shekaru a Agadas, na leƙa Libiya, Allah ya kai ni Makka. Na iya Zabarmanci da Faransanci, na tsinci Tonanci, harshen mutanen Kumasi, da Larabcin kasuwa. Ko'ina na je ana girmama hannun dama, ba mu kaɗai ba ne. Amma a Kumasi, in mai talla hannunta na dama yana cikin manja, sai ta miƙo maka da hagu ta ce ka yi mata afuwa, kai ma ka ce ba komai, ciniki ya wuce. Buzaye in za su gaisa shafar tafin juna suke yi a hankali, ba mai matse wa wani ƙashi. A wurin Larabawa na ga dattijo ya ɗora hannu a ƙirji daga nesa, an karɓa masa da mutunci. Addinin da ya yarda majinyaci ya yi salla a zaune, ban ga inda ya ce a azabtar da tsohuwa a kan ƙwaryar fura ba. Wannan namu ne, mu muka ƙirƙiro, muka kuma kira shi ladabi.

Da na komo na zauna a Dogon Dutsi, gadon Gwamma ya same ni, a hannun dama shi ma. Lokotoro ya rubuta mini magani, ya ce in ya tashi in hutar da hannun, in riƙa sa shi a ruwan ɗumi, kada in bari a matse shi. Na yi dariya. Na ce, "Lokotoro, kai ɗan ina ne?" A ƙasarmu namiji ba ya wuni bai ba da hannu ba: bayan salla, wurin suna, bakin tasha. Samarin yanzu kuwa, in suna son nuna maka ƙauna sai sun ji ƙashinka ya yi ƙara. Na yi ta haƙuri. In dawo gida in zauna da kwanon ruwan ɗumi ina zagin bango. Wani lokaci kwana biyu ba na iya ɓalle maɓallin riga.

Bara aka yi rasuwa a ƙauyenmu, ƙanwar babana ta ƙarshe. Na je zaman makoki hannun yana tsakiyar tashi. Na ba mutanen farko hannun, kowa ya matsa ya girgiza. Hawaye suka zubo mini, jama'a suna ta cewa, "Haƙuri, Alhaji, ashe haka kake son ta." Ina son ta, amma ba ita nake yi wa kuka ba. Sai na mai da hannun cikin aljihun riga. Wanda ya zo, in ɗora hauni a ƙirji in amsa masa.

Arzika ne ya tanka. Jikan Tsoho Maidaji ne, shi ke riƙe da gidan yanzu. Ya miƙo hannu, ya bar shi tsaye a iska don kowa ya gani.

"Alhaji, yawon duniya ya sa ka mance hannun gaisuwa? Ko mu mutanen ƙauye mun zama ƙazanta?"

Wasu suka yi murmushi, wasu suka sunkuyar da kai suna wasa da bakin tabarma. A wannan zauren ne. An sake masa rufi, amma ƙasar ita ce wadda ta sha furar. Na ji hannuna ya fara fitowa daga aljihu da kansa zai je ya ba da haƙuri, kamar yadda nata ya yi. Na fito da shi, amma ban ba Arzika ba. Na ɗaga shi sama, yatsu a karkace, gaɓoɓi suna ƙyalli.

"Dube shi da kyau," na ce. "Ka san shi. Hannun Gwamma ne. A nan kakanka ya sa ta kifar da fura gaban baƙo, ta mutu tana cin tuwo bayan ƙofa. Ni ba zan ci bayan ƙofa ba. In gaisuwata kake so, ga hauni, ga ƙirjina. In ƙashina kake so ka ji ya yi ƙara, tahi mahauta."

Arzika ya sauke hannunsa. "Ai da ka faɗa," in ji shi.

"Ita ba ta faɗa ba? Hannunta bai faɗa ba?"

Sai Malam Nomau, wani tsoho da ya girme mu duka, ya zaro nasa hannun daga ƙarƙashin mayafi. Ya fi nawa lalacewa, babban yatsan ya kwanta cikin tafi.

"Ni kam," ya ce, "na daɗe ina tsoron ranar Juma'a. Tun liman bai sallame ba nake ƙirga masu zuwa ba ni hannu." Ya miƙo mini hauninsa. Na kama da nawa. Muka gaisa a gaban kowa, rufin zauren bai faɗo ba.

Arzika bai yafe mini ba. Na ji yana cewa na kawo ɗabi'ar Tonawa wurin makoki. Ya yi ta faɗa. Gwamma ta gaya mana tun muna yara cewa sarkin fada ya yi jikoki, ban zaci ƙarya take yi ba. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, ba sarkin fada ne ya fi ba ta haushi ba. Sarkin da ya gyaɗa kai ne, da mutanen da suke kwance suna mutuwa da ƙishirwa ba wanda ya ce a karɓi ruwan nan.

Ciwon bai bar ni ba, kuma ba zai bar ni ba. In ya tashi ina soya rairayi a kasko kamar yadda take yi, don ya fi ruwa riƙe ɗumi, in sha maganin lokotoro, in jira ya lafa. Amma tun daga ranar makokin nan ban ƙara ba kowa hannun dama yana ciwo ba, ina cin tuwona da hauni a tsakar gida, kuma a gidana ba a mai da ƙwarya saboda hannun da ya miƙo ta.