Teburin Mutum Biyu a Kan Ruwa

Na daɗe a ɗakin aure, har 'ya'ya sun fara tasawa, ban taɓa ganin mijina yana cin abinci ba. A cikin jirgin ruwa na fara gani, kuma a nan ne na gane ya kusa barina.

A shekarun nan kuɗin man fetur sun cika birnin Libreville. Ka kwana biyu ba ka bi bakin teku ba, sai ka tarar da sabon bene ya tsiro inda masunta ke shanya koma. Shagonmu yana unguwar Glass, muna sayar da atamfa da turare da kwanukan samira, gidan kuma yana bayansa, labule ɗaya ne tsakani. Maigida ba ya cin abinci a cikin gida. Ciyayya suke yi shi da maƙwabtansa 'yan kasuwa, Kanawa da mutanen Garwa da Marwa. Kowa a kawo masa kwanonsa daga gida, su haɗa a tabarma ɗaya a ƙofar shago. Ni nawa shi ne in tuƙa tuwo, in rufe da faifai, in miƙa ta bayan labule. Haka na ga uwata tana yi a Kano. Kwanona kuwa kullum wayam yake dawowa, har ina yi wa matan unguwa yanga da shi.

Da ya fara ramewa na yi masa magana. Ya ce zafin garin ne da zirga-zirgar fito da kaya. Na dubi kwanon, ko loma babu saura, sai na yarda.

Ni mace ce mai karance-karance. Ƙananan littattafan soyayya da fatake ke cusowa cikin dilar atamfa daga gida, nakan karanta su har bangonsu ya rabu. A cikinsu masoya kan zauna a bakin ruwa su faɗa wa juna maganganu masu sa zuciya ta yi sanyi. Maigida bai taɓa faɗa mini irinsu ba. In ya shigo ya same ni ina sharar hawaye, sai ya ce, "Hajiya, yau kuma wa ya rasu a littafin? A sanar da mu mu je gaisuwa."

Wata rana da hantsi ya ɗaga labule ya ce in shirya kaya. Akwai wani farin jirgi da ke ɗaukar mutane daga tashar jiragen ruwa ta Port Môle, ya bi da su gaɓar teku zuwa kudu, ya zagaya tsibirai, kuma ya kama mana ɗaki a ciki.

Na ce, "Me za mu saro, Alhaji?"

"Babu."

"To wa za mu gaisar?"

"Babu kowa."

"Ikon Allah. To ina za a sauke mu?"

"Inda aka ɗauke mu."

Bahaushe yana tafiya don fatauci, ko zumunci, ko ɗakin Allah. Tafiyar da ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun nan ban taɓa jin ta ba sai a littafi. Muka kai yara wajen ƙanwarsa a unguwar Sotega. Ranar tafiya babban amininsa, mutumin Garwa mai shagon takalma, ya raka mu har bakin jirgi, yana ta ratsa 'yan dako da masu tallan gyaɗa yana tsiya.

"Alhaji, yanzu biya ka yi a kai ka inda kake? Da ka faɗa mini, ai da na zagaya da kai a taksi har ka yi amai, ladan ma iri ɗaya ne!"

Aka yi dariya. Amma da suka zo sallama ya riƙe hannun maigida ya ƙi saki, har sai da jirgi ya yi kuka. Na gani, ban kawo komai a raina ba.

Kwanakin farko kamar an ɗauke ni an saka cikin shafin da na fi so. Ɗakinmu ƙarami ne, da 'yar taga zagayayya wadda ruwa ke fantsamowa. Wani ne ke gyara gado, wani ke share ƙasa. Hannuwana da suka saba da muciya suka rasa abin yi, sai na riƙa ɗora su a cinya ina kallonsu kamar na baƙuwa. Da safe mukan hau sama mu zauna a kujerun zane masu kwanciya. Iska ta riƙa jan mayafina, in na lashi leɓe in ji gishiri. Ana zagayowa da abarba yankakkiya mai sanyin ƙanƙara. Akwai wasu ƙananan kifaye masu tashi sama kamar fara, su yi 'yar tafiya a iska su koma ruwa. Na yi ta nuna masa su kamar yarinya. Can nesa kuma ga rijiyoyin mai tsaye a tsakiyar teku, kowace da harshen wuta a kanta ko da rana tsaka. Maigida ya nuna su da carbi ya ce, "Ga murhun da ke dafa wa garin nan tuwo."

Salla ma sai da ta zama abin nishaɗi. Mu tayar muna fuskantar gabas, kafin mu sallame jirgi ya karkata. Ya ce Allah ya san inda muka nufa.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa: ɗakin cin abinci. Ana kaɗa ƙararrawa, kowa ya shigo, Turawan kamfanonin mai da manyan ma'aikatan gwamnati da matansu masu ƙamshi. Teburan ƙanana ne, kujera biyu suna kallon juna. Mai hidima ya ja mini ɗaya ya ce, "Madam." Na zauna, ga mijina a gabana, gwiwa kusan tana taɓa gwiwa. A littafi na sha karanta irin wannan zama, na sha yin mafarkinsa. Da ya zo gaske sai kunya ta rufe ni. Yaya zan buɗe baki in tauna a gaban uban 'ya'yana? Yaya kuma zan zura masa ido yana ci? Na sunkuyar da kai ina bin zanen furen da ke jikin mayafin teburin, har a kwashe faranti. In mun tashi sai in ƙunshe burodi da ayaba a gefen gyale, in ci a ɗaki lokacin da ya fita alwala. Ina jin ƙarar cokalinsa a kan faranti, na ɗauka ci yake yi.

Ranar da muka doshi tsibirai, muna zaune ana cin abincin rana, sai ɗakin ya kaure da ihu. An hango manyan kifayen nan, irin wanda ya haɗiye Annabin Allah a ƙissa, suna feso ruwa sama. Tagar tana bayan maigida. Na manta da kunya na ɗaga kai.

Ban ga kifi ba. Shi na gani. Ya ɗaga haɓa, ya dafe maƙogwaro da hannu ɗaya, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, idanunsa sun kawo ruwa, yana fama da 'yar lomar da ba ta kai kan yatsa ba. Ta ƙi wucewa. Ya ɗauki ƙyallen goge baki ya mayar da ita ciki a hankali, irin na wanda ya saba. Farantinsa cike yake, ya dai tura kifin da aka zuba masa gefe, ya baza shinkafar. Sai muka haɗa ido. Kowa ya ruga taga, mu biyu kaɗai muka rage a zaune.

Bayan la'asar ya kira ni sama. Muka tsaya a jikin ƙarfen da ya kewaye jirgin, ruwa yana tsagewa fari a ƙarƙashinmu. Ya ce tun damina likita ya duba shi. Wani abu ne ya tsiro a hanyar abinci, yana ƙara toshewa, kuma sun ce ya wuce aiki.

Na ce, "To tuwon fa? Kwanona da ke dawowa wayam?"

"Ni na roƙi abokan ciyayyata. Su suke cinyewa."

"Duk watannin nan?"

"Ba ki ga mutumin Garwa har wuya ya ajiye ba? Cewa yake miyar kukarki za ta hana shi komawa garinsu."

Na so in yi dariya, kuka ya riga ta fitowa. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya ce, yana kallon ruwa, "Sau da yawa na ɗaga labulen nan da niyyar faɗa miki, sai in tarar kina tankaɗe ko kina yi wa yara wanka, in kasa. Na ji kina cewa a littattafanki bakin ruwa ake zuwa a faɗi magana mai nauyi. Ni ban iya irin maganarsu ba, Hajiya. Ruwan dai ga shi na kawo ki."

Ban taɓa karanta abin da ya kai wannan ba, kafin ranar ko bayanta.

Babu Bahaushiyar da za ta yi doguwar tafiya ba ta ƙulla garin kunu da tsamiya a ƙasan akwati ba. Na sauka ɗaki na jiƙa tsamiyar, na dama garin a ƙaramin kwanon sha na samira da na taho da shi. Na nemi mai hidimar nan, na haɗa ɗan Faransancin kasuwa da nuni da hannu, har ya gane tafasasshen ruwa nake so. Da aka kaɗa ƙararrawar yamma na shiga ɗakin cin abinci riƙe da kwanona rufe da faifai, na ratsa tsakanin masu kwat da masu dogayen riguna, na ajiye shi a kan farin mayafin teburin. Wata mata ta ɗaga gira. Ban damu ba.

Ya buɗe, tururi ya bugi fuskarsa, ya lumshe ido. Na yi shi tsararo yadda zai wuce. Ya ɗebi cokali ɗaya, ina kallon wuyansa har ya sauka. Ya ƙara. Sai ya turo kwanon tsakiya.

"Ba zan ƙara ba sai kin sha."

"Haba Alhaji, a gaban mutane?"

"Wa ya san ki a nan? Kin zaci ban ga burodin da kike sacewa ba? Ɗakin duk ya cika da ɓarɓashi."

Na ɗauki cokali. Na sha, yana kallona, ban sunkuyar da kai ba. Muka yi ta karɓa-karɓa har muka ga gindin kwano.

Sauran kwanakin haka muka yi su. An sauka tsibiri an ga gonakin koko, mu muka zauna a inuwa muna kallon masunta suna ɗinkin koma. Ya ba ni labarin zuwansa Libreville da buhu ɗaya a ka, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ni kuma na karanta masa littafi guda, yana katse ni yana cewa saurayin nan ba shi da sana'a ne?

Da muka dawo Port Môle mutumin Garwa yana tsaye yana jira. Ya dubi fuskata sau ɗaya ya kawar da kai, bai yi tsiya ba. Na ci gaba da miƙa wa 'yan ciyayya tuwonsu ta bayan labule, don ba a janye kwano daga ciyayya. Amma maigida a ciki yake zama, ni da shi da kwanon kunu a tabarma ɗaya. Matan unguwa sun yi magana, na ji, na bar su. Daga kunu muka koma ruwan kunu. Kafin damina ta gaba ta ɗauke, Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu na tsufa, idona ba ya iya ƙananan rubutu. In na zuba wa jikokina abinci nakan ja kujera in zauna a gabansu. Sukan ce, "Hajiya, kallon me kike mana haka? Sai mun ƙware?" Ba na tashi sai na ga lomar farko ta wuce.