Giyar Kek a Gidan Surukai

Gari bai gama wayewa ba muka bar Saminaka, ni da ƙanena, a wata ƙaramar mota da aka cusa mu huɗu a baya. Neman aure za mu Zariya. Ɗan marigayi wana ne ya ga yarinya a Sabon Gari, ni kuma yanzu ni ne ubansa, don haka magana a bakina take.

Hanyar Pambeguwa ba sai na faɗa muku ba, kowane rami sai ka ji shi a ƙugu. Mun tsaya karyawa aka ba mu masa ƙanana kamar murfin kwalba, huɗu naira ɗari biyu. A Kwangila mai keke ya ga manyan rigunanmu ya ninka kuɗi. Na ce masa aure za mu nema, ba kwangila muka ci ba.

Samaru kuwa, inda yaron yake zaune, ɗalibai ko'ina, rabin magana Hausa rabi Turanci. Yaronmu ya karanta harkar abinci a jami'a, aiki bai samu ba, sai ya kama yin giya a wani ɗaki bayan gidan da yake haya. Tukwanen ƙarfe ne masu sheƙi da bututai, tsaf-tsaf, ban raina ba. Ya ce laga ce, irin giyar kwalba, amma mai ɗanɗanon kek. Ya miƙo mini kofi.

"Baba, ku ɗanɗana kafin mu tafi."

Na ce ƙarfe goma na safe zan shiga gidan surukai ina warin giya? Giya ai giya ce, a ɗauko katan mu wuce. Wannan taurin kan nawa har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mun ratsa kasuwar Sabon Gari da kyar, masu kayan gyaran mota na ta ihu da Turancin kasuwa. Uban yarinyar dattijo ne mutumin wajenmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Shi ya ce tun farko a kawo abin sha daga sana'ar yaron, ya ga abin da za a ciyar da 'yarsa da shi. A al'adarmu kuma wanda ya kawo shi ke fara sha a gaban mai gida.

Bayan addu'a na buɗe kwalba. Ƙamshi ya tashi sai ka ce gidan burodi. Na kurɓa. Jama'a! Kwakwa, madara, cakulan, duk suka cika mini baki, zaƙi har cikin haƙori, can ƙarshe wani ɗan ɗaci ya leƙo ya koma. Shekara talatin ina shan burkutu da giyar kwalba, ban taɓa jin an ci mutuncin hatsi haka ba. Na haɗiye da kyar, idona ya kawo ruwa. Yaron na tsugune bakin ƙofa yana kallona.

Dattijon ya ce, "Yaya ka ji ta?"

Na ce, "Da daɗi, ranka ya daɗe."

Ya karɓi nasa ya sha, ya daɗe yana juya ta a baki, sannan ya ajiye kofin a hankali.

"Giyar ba ta dame ni ba," in ji shi. "Ba tamu ba ce, amma 'yan makaranta za su saya, yaro zai ci abinci. Kai ne ka dame ni. Na ga fuskarka lokacin da ka haɗiye. Yanzu in ka ce mini yaronku na da hali, da wane baki zan yarda?"

Aka ce mu je, za a neme mu. Ko shinkafar da muka ji ƙamshinta ba a fito da ita ba.

A cikin keke na sauke wa yaron duk abin da ke cikina. Wa ya aike shi zuba kek a giya? Dawa ta ƙare a duniya ne? Hawaye kawai yake sharewa da hula. Ƙanena ne ya ce in yi shiru haka, ba yaron ne ya yi ƙarya ba. Haushi ya ƙara kama ni, don na san gaskiya ya faɗa.

Da la'asar sakaliya muka iso gida. Abin da tafiyar nan ta koya mini, kada in sake kai wa mutane abin da ban ɗanɗana ba, in kuma an tambaye ni in faɗi abin da harshena ya ji. Uwar yaron na tsaye bakin zaure, ta ci ado, ta tara mata biyu masu guɗa.

"An ba mu?" ta ce.

Na ce, "Ba a ba mu ba. Kuma ba laifin ɗanki ba ne."