Gawon da ya wuce tsayina

A daminar 1978, ranar da muka fara noman farko, Baba ya jingina ni da ɗan gawon da ke tsakiyar gonarmu, ya ɗora tafin hannunsa a kaina, ya ɗaga ido. Itacen ya wuce ni da kamu guda. Na yi tsalle don murna, ƙaya ta kama mini ɗankwali ban ko kula ba. Shi kuwa bai yi dariya ba, sai ya saɓa hauyarsa ya nufi bakin kunya, ya bar ni tsaye ina jiran barka.

Ƙauyenmu yana kan dutse, a ƙasar Karofane. Mahaifiyata ta rasu a shekarun fari, yayyena maza suka tafi ci-rani Najeriya, gida ya rage daga ni sai Baba sai Kaka, wadda idonta ya riga ya yi rauni. Ni ce ɗebo ruwa, ni ce surfe, ni ce kiwon awaki, ga lakwal, wato makarantar boko, da safe. Lokacin da sa'o'ina ke gaɗa a dandali, ni ina neman akuyar da ta ɓata a kwazazzabo. Wurin kiwon nan na tsinci gawon a tsakiyar gonarmu, bai fi yatsa ba. Na kewaye shi da duwatsu, ina rage ruwan gorata ina zuba masa. Duk abin da ya ci mini rai a lakwal, shi nake faɗa wa. Kaka takan tsokane ni ta ce halinmu ɗaya da gawon, tunda shi ma sai ruwa ya sauka kowa ya yi kore yake kakkaɓe ganyensa. Ban taɓa musa mata ba.

Akwai doka tun da daɗewa cewa ba a saran gawo. Mushen daji na dā, wato ma'aikacin da ke tsaron itatuwa, dattijo ne, kuma a fahimtarsa dokar ta masu sara su kai kasuwa ce. Abin da ke cikin gonar mutum bai shafe shi ba. Da aka sauya shi, wanda ya zo ya karanta wannan doka ya samo mata faɗi. Ya ce duk itacen da ya wuce tsayin mutum na gwamnati ne, ko a gonar wa yake, da reshensa da ƙayarsa. Ana cikin haka iska ta karya reshen gawo a gonar maƙwabcinmu Malam Idi, ya ja shi gida don awakinsa. Aka karɓe gatarinsa, aka tafi da shi garin Buza aka tsare. Kafin ya dawo ciyawa ta cinye masa gero.

Maganar ta daɗe a bakin masallaci. Ina kai wa Baba fura nakan laɓe in saurara. Wasu na cewa ba don tsananin ba da tuni an aske dajin nan ƙwal, kuma suna da gaskiya, don mun ga yadda zaizaya ke cin gonaki. Wasu na cewa wanda aka ba tsaron daji ba a ba shi tsaron gona ba. Mushenmu na lakwal, wato malaminmu, ya ce akwai kundin da ke shata wa gwamnati inda za ta tsaya, amma tun da soja suka karɓi mulki aka jingine shi. A ƙasarmu da ciyawar gamba ake iyakar gona, shi ya sa Baba ya tambaye shi: "To Mushe, kowace gona da gambatta. Ita gomnati ina tata gamba?" Mushe ya dubi hanya hagu da dama.

Daga nan mutane suka shiga tumɓuke ƙananan itatuwa kafin su girma su jawo musu baƙon da ba a yi wa shimfiɗa. Na gane abin da tafin hannun Baba ya auna. Sai na samo igiyar kaba, na ɗaure kan gawona, na lanƙwaso shi, na ɗaura wa wani ƙaton dutse, wai don kada ya kai tsayin babban mutum. Hannuwana duk suka sha ƙaya. A wautata na ɗauka na yi wa gwamnati dabara.

Baba ya tarar da shi a duƙe. Ya daɗe yana kallon igiyar, sannan ya kwance ta a hankali, itacen ya miƙe har ya kusa kafaɗarsa. Ya ce, "Ɗiyata, yau nawa na. Baɗi in na taɓa shi, ɓarawo nike cikin gonar ubana. In anka tahi da ni, wa za ya nome muku?" Sara biyu ya yi. Ban yi kuka a gabansa ba, amma na yi kwanaki ba na amsa masa sai da kai. Abin da ya fi mini ciwo shi ne saiwar ba ta mutu ba. Kowace damina sai ta toho, kuma ni ce ke bin wannan kunya da hauya.

Yanzu in ka bi hanyar Keita ko ta Madawa, gonaki cike suke da gawo, manomi yana sassabe nasa ba ya waiwaye. Dokar kare itatuwa tana nan, amma masu karanta ta sun koyi tsayawa a bakin gamba. Bayan rasuwar Baba yayyena suka ƙyale tohon, yau ya zama itacen da awakin unguwa ke kwana ƙarƙashinsa da rani. In na je gida nakan zauna a kan dutsen nan nawa, da ke gindinsa har yanzu, in tuna Baba, mutumin da ya fi kowa sanin amfanin gawo a gona. Bai taɓa shan inuwarsa ba.