Shekarun Jirgin da Ya Ɗauki Inna

Sana'ata dillancin dabbobi. A Mayahi nake zaune, amma rabin rayuwata a hanyar kasuwanni na yi ta: Cake, Atantane, Kanan Bakashe. In aka kawo mini saniya ba na tambayar mai ita shekarunta, don ba zai faɗi gaskiya ba. Leɓenta nake ja in duba haƙora. Ni kaina na sha sayen tsohuwa in ɗaure a gida, in cika ta da dussa da harawa har gashinta ya yi sheƙi, sannan in kai ta kasuwar da ba a san ni sosai ba. Allah ya yafe mini. Na faɗi wannan ne don a san da wane ido na kalli jirgin.

Ni ne ɗan fari wurin Inna. A wajenmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Kakata ce ta yaye ni, ita ta riƙe ni har na bar lakwal, wato makarantar boko, a aji shida. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In zancena ya kama, sai ta ce “wancan na Mayahi”. Idan na je gaishe ta a Tasawa, inda take zaune gidan ƙanena, ina durƙushe za ta amsa tana kallon gefe, sannan ta tambayi matar gidan ko an ba baƙo ruwa. Ban taɓa jin zafin haka ba. Haka na tashi na ga ana yi.

Shekarar da ƙanena ya samar mata kujerar Makka na yi murna kamar kowa. Ana saura 'yan makonni a fara tashi, ina zaune rumfar mai shayi a kasuwar Cake, wani ya kunna saƙon murya a wayarsa. Mai maganar, wanda babu wanda ya san shi a cikinmu, ya ce jirgin da aka yi haya don alhazai tsoho ne, Turawa sun gama cin amfaninsa, fenti kawai aka sake masa. Aka miƙo mini hoton. Fari ne tas, yana ƙyalli a rana. Ni abin da na gani gashi ne mai sheƙi.

Washegari na tafi Tasawa. Ƙanena malamin lakwal ne, ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Na same shi a tsakar gida. Inna tana gefe kan tabarma ita da matarsa, suna ɗura yaji da kuka a robobi.

Na ce, “Jirgin nan ya girmi babban ɗana. Shi za ku sa tsohuwa a ciki?”

Ya ce, “Yaya, wa ya gaya maka?”

“An faɗa a waya.”

Ya yi dariya. “A waya an ce kuma tafarnuwa tana maganin komai. Ko da tsohon ne, jirgi ba saniya ba ne. Saniya in haƙorinta ya cinye, ya cinye ke nan. Jirgi ana sauke masa inji a sa wani. Kowane ƙarfe a jikinsa yana da wa'adi, in ya cika a cire shi ko da lafiyarsa lau. Kuma ba shekaru kaɗai suke dubawa ba, har da yawan tashi da saukarsa. In ba a duba shi an tabbatar ba, can ɗin ma ba za su bar shi ya sauka ba.”

Na ce, “Mai sayarwa kullum haka yake cewa.”

“To ni mi nake sayarwa? Tsoho zai fi shan mai, kujerunsa sun sha jiki, yana iya ɓata ma mutane lokaci. Abin tsoro shi ne wanda ba a kula da shi, sabo ne ko tsoho. Motar da ta kawo ka daga Mayahi shekarunta nawa?”

“Mota in ta mutu sauka ake yi a tura.”

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce da matar ƙanena, “Ki ce ma wancan ni ma tsohuwa ce. In jirgin tsoho ne, sai mu lallaɓa juna.”

Suka yi dariya su uku. Ni ban yi ba. Ban iya a yi mini dariya, wannan ma yana cikin halayena.

Mai niyyar Makka ba ya tashi sai ya zaga dangi da maƙwabta ya yi ban kwana, ya nemi a yafe masa, shi ma ya yafe. Inna ta ɗauki abin da nauyi. Ta ce ba za ta taka jirgi da hakkin kowa a wuyanta ba. Ta bi gidajen unguwarsu ɗaya bayan ɗaya, har gidan wata mata da suka yi shekaru ba sa magana saboda akuya. Sannan aka aiko cewa ranar kaza za ta zo Mayahi, gidana, da ƙafarta. Tun da na yi aure ba ta taɓa shiga gidana ba, ko ranar suna.

Sai na yi lissafin dillali. In kana so ciniki ya juya, janye dabbarka kake yi ka bar mai saye a tsaye. Na ce a raina, in ba ta same ni ba, ba mu yafi juna ba, ba za ta tashi ba. A bari sai baɗi, wataƙila a kawo sabon jirgi. Ranar da za ta zo na hau babur da sassafe na tafi Kanan Bakashe, na kashe waya. Ba ni da ko ɗan akuya na sayarwa a can. Na wuni ina jan leɓen shanun mutane.

Da na dawo rana ta faɗi, ta riga ta tafi. Matata ta ce a ƙofar ɗakina ta sa aka shimfiɗa mata tabarma. An kawo tuwo ba ta ci ba, ruwa kawai ta sha. Nan ta yi azahar, nan ta yi la'asar, sai mai motar Tasawa ya fara danna oda.

Na ce, “Ba ta ce komai ba?”

Ta ce, “Ta ce a matsar da tsohuwar saniyar can cikin inuwa.”

Na zauna ina jiran a kira a ce an ɗage tafiya. Kiran da ya zo, daga filin jirgin Yamai ya zo, suna zaune suna jiran tashi. Ƙanena ya ce, “Ga Inna,” ya kara mata wayar a kunne. Na ji hayaniyar mutane, na ji numfashinta. Ita ba za ta fara magana ba, na sani, a gaban jama'a kuma. Ni ya kamata in fara. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Kun ga jirgin?” Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ta ce amin. Ƙanena ya karɓi wayarsa.

Jirgi ya kai su lafiya. Ta yi Arfa, ta yi jifa, ta gama komai. Ana saura kwanaki kaɗan su juyo, zazzaɓi da tari suka kwantar da ita, ta cika a can, a can aka binne ta. Ina kasuwar Atantane ƙanena ya kira, hannuna ɗaya yana bakin wani bijimi. Na ce inna lillahi, na mai da waya aljihu, na ƙarasa cinikin, aka sallama. Sai da na wanke hannu na gaya wa abokin dillancina. Masu gaisuwa suka yi ta cewa ta yi sa'a, irin mutuwar da kowa ke roƙo ke nan. Ina amsawa da amin.

Maƙwabciyarta, wadda suka tafi tare, ta dawo a wannan jirgin dai, da jakar Inna. Na je yi mata barka da sauka a Tasawa. Ta ce, “Jirginka na can, ɗan nan, lafiyarsa ƙalau. Kujerun dai sun lotse, ɗan faifan da ake ɗora abinci ma nawa ya karkace, sai da na tallafe shi da gwiwa. Ga sanyi kamar a randa. Ita ko barcinta ta sha. Da muka sauka ta taɓa ni ta ce, in mun koma ki ce ma wancan na Mayahi, tsohon ya kai.”

Na ce, “Ba ta ƙara komai ba, Hajiya?”

“A Arfa ta ɗaga hannu ta ce ta yafe ma kowa. Da kunnena na ji.”

“Ta kama suna?”

Ta dube ni. “Kai ma ka san ba za ta kama ba.”

Ƙanena bai taɓa tada maganar ranar Kanan Bakashe ba. Da ya zage ni, da wataƙila na ji wani abu. A jakarta aka sami tasbahohi da huluna na tsaraba, babu wanda ya san wacce ta wa. Aka ba ni hula ɗaya, ta yi mini kaɗan. Tana rataye a ƙusa.

Kafin tafiyar na yi mako ina bincike a kan shekarun jirgi, ina tambayar duk wanda ya taɓa hawa. Ban taɓa tambayar shekarun Inna ba, har yau ban san su ba. Abin da ya sa ta hau mota ta zo ƙofar ɗakina ta wuni, shi ma ban sani ba. Wataƙila kalmomin nan ne da ta faɗa wa kowa. Wataƙila akwai ƙari.

Wata rana da hantsi, gida ba kowa, na tsaya daidai inda aka shimfiɗa mata tabarma na ce, “Na yafe, Inna. Ki yafe mini.” Na jira kaɗan. Saniyar da ke ɗaure a lokacin, wata ce daban, tana ta tuƙa. Na kwance ta na matsar da ita cikin inuwa, na tafi kasuwa.