Ranar da Na Gyara Bindigar Sajan Bitrus

Wannan abin da zan ba ku, wallahi tallahi a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma da so samu ne da na mutu ban faɗe shi ba. Shekara huɗu ke nan da gama yaƙin basasa, lokacin garin nan namu na Suleja ana ce masa Abuja, ina kanikanci a garejin En'e, wato hukumar gargajiya. Kafin nan soja nake, amma ban taɓa harbin kowa a bakin daga ba, aikina gyaran bindigogi ne can baya. Na je yaƙi na dawo hannuna babu jinin kowa, sai da aka zauna lafiya, wata Asabar da hantsi, sannan ran aminina ya fita ta hannuna.

Mu bakwai ne masu sha'awar bindiga a lokacin, kowa da lasisinsa, yawancinmu tsofaffin sojoji da wani malamin makaranta. Ba farauta muke yi ba. Duk Asabar muke haɗuwa da safe a ƙofar gidana, mu hau kekuna da babur ɗaya mu fita bayan gari, mu jera gwangwanayen madara mu yi ta harbi, wanda ya fi kuskure a yi masa tsiya har sati ya zagayo. Ni suke kira Likita, don duk bindigar da ta yi gardama hannuna take zuwa, kuma ban ɓoye muku ba, sunan nan ya shiga kaina sosai.

Babbanmu Baba Audu ne, wani tsohon maharbi daga unguwar Wambai, shi ya kafa mana doka biyu. Ta farko, kafin a yi harbin farko sai ya taka da ƙafarsa har bayan inda aka jera gwangwanaye, ya yi sallama, ya tambaya ko akwai mutum, har sau uku, da Hausa da Gwaranci. Ta biyu, in wani ya tafi gyara gwangwanaye, kowa ya kwantar da bindigarsa a tabarma, bakinta na kallon baya. Mu da muka ga manyan bindigogi a soja dariya abin yake ba mu, amma muna bi saboda furfurarsa.

Aminina a cikinsu shi ne Sajan Bitrus, mutumin Filato, masinja a kotu. Tun a bariki muka saba, ranar Kirsimeti a gidansa nake cin shinkafa, ranar Sallah shi ke riƙe mini ƙafar rago. Mutum ne mai tsokana, in bai ja ka da wasa ba to ba shi da lafiya. Shi ne ya sayi wata 'yar bindiga hannun wani Baturen safiyo mai awon ƙasa da zai koma gida, mai ƙananan harsasai, irin wadda ba sai ka ja komai ba bayan kowane harbi, ita ke tofar da kwanso ta ɗauko wani harsashin da kanta, kai dai ka yi ta taɓa kunama. Duk garin babu irinta. Wata shida muna harbi da ita, ko tari ba ta taɓa yi ba.

To da kaka ta yi, mai gonar da muke harbi kusa da ita ya ce mu tashi zai yi girbi, sai muka koma wani fili a bayan Madalla. Lokacin Madalla 'yan gidaje ne a bakin hanya, ba wannan cinkoson na yanzu ba. A filin akwai wani babban suri da ya kai ƙirjin mutum, muka ce madalla, ga abin tare harsashi Allah ya ba mu, muka jera gwangwanaye a kansa.

Asabar ta farko kowa ya yi harbinsa lafiya. Da aka zo kan Bitrus ya saita suri ya taɓa kunama, sai ƙyas, shiru. Ya sake, ƙyas. Na karɓa na fitar da harsashin na duba gindinsa, ko alamar bugu babu. Na mayar, na juya bakinta wajen wani kututture can gefe, sai ga ta tana zuba, biyar a jere. Na juyo da ita kan suri, ƙyas. Sau huɗu muna haka, har malamin makaranta ya daina dariya. Bitrus ya ce to Likita, ga mara lafiya nan ya zo asibiti, sai mu ga ƙwarewa.

Na tafi da ita gida na wargaza ta kaf a kan tabarma, na wanke komai da kananzir, na duba allurar da ke bugun harsashi, na duba sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke tura allurar, na shafa man keken ɗinki na mayar. Na rantse muku babu abin da ya same ta. Ranar Laraba na fita bayan gari ni kaɗai na harba ashirin, ko ɗaya ba ta ƙi ba.

Asabar ta biyu muka koma, Baba Audu ya yi sallamarsa ya dawo, na saita suri da kaina ina cika baki, ƙyas. Ina tsaye sai muka ga wata tsohuwa Bagwariya a gefenmu, da ƙwarya a kafaɗa yadda matansu ke ɗaukar kaya. Filin nan a buɗe yake ta ko'ina, mu bakwai babu wanda ya ga ta inda ta ɓullo. Ba ta gaishe mu ba, ta nuna surin da haɓa ta yi magana da Gwaranci, Baba Audu ya amsa mata, ta sake maimaitawa. Na ga fuskar tsohon ta canja.

Muka tambaye shi me ta ce. Ya ce, "Wai mu daina damun bawan Allahn da ke kwance a bayan surin can. Ta ce ga shi nan ya ƙudundune, takalminsa ɗaya a cire."

Muka ajiye bindigogi muka ruga. Babu kowa. Sai dai ciyawar wurin ta kwanta daidai tsawon mutum, kamar wani ya daɗe a kwance a gefensa na dama ya tanƙwashe ƙafa ɗaya, kuma Baba Audu ya rantse da ya zo sallama ɗazu ciyawar a tsaye take. Da muka waiwaya tsohuwa babu ita, babu sawunta.

Baba Audu ya ce mu kwashe gwangwanayenmu mu bar wurin nan har abada. Ya ce shi tun yana yaro yake yawo a daji, in ƙarfe ya ƙi abu to ya ga abin da mai shi bai gani ba. Bitrus ma ya ja ni gefe ya ce mu haƙura, filin Allah da yawa. A nan ne na yi abin da har gobe nake cizon yatsa a kansa. Na ce masa haba Sajan, kai da ka kwana cikin ruwan harsashi, yau tsohuwa da kwancin akuya za su kore ka? Na ce ƙarfe ba shi da ido, duk bindigar da ta ƙi tashi akwai dalili, kuma in ban gano shi ba kada a ƙara ce mini Likita. Gaskiyar magana ba bindigar nake ji ba, kunyar a ce ta gagare ni nake ji. Na san inda zan taɓa shi, na kuwa taɓa, ya yi dariya ya ce shi ke nan, Asabar ɗaya tak ya ƙara ba ni.

Cikin satin nan na canja mata sifirin da wani da na yanka da hannuna, ya ɗan fi nata ƙarfi, na goge inda harsashi ke shiga har yana ƙyalli. Ranar Juma'a Baba Audu ya aiko cewa shi ba zai taka filin nan ba, kuma yana roƙonmu don Allah mu ma kada mu je. Mutum biyu suka bi maganarsa. Muka tafi mu huɗu, kuma ranar babu wanda ya je bayan suri ya yi sallama, ni na ce a bar wannan al'adar tsofaffi.

Sauran biyun suka fara harbi suka zubar da gwangwanaye uku. Na karɓi ta Bitrus na zuba harsashi biyar a gidansu na ɗaura, na ja mariƙin da ke shigar da na farko, sai ya cije a rabi, ba gaba ba baya. Raina ya ɓaci. Na cire gidan harsashin na ƙirga, huɗu. Na duba ƙasa, sai ga harsashi ɗaya a cikin ciyawa kusa da ƙafata, na ce yawwa, ga na biyar ɗin ya faɗo, na jefa shi aljihu. Ni da na koya wa kurata fiye da sau ɗari cewa irin wannan bindiga cire gidan harsashi ba ya nufin cikinta babu komai, sai ka leƙa da idonka, ranar ban leƙa ba.

Bitrus ya ce bari ya je ya tsayar da gwangwanaye kafin Likita ya gama tiyata. Sauran suka kwantar da nasu a tabarma. Malamin makaranta ya ce mini in ajiye tawa, na ce wannan ai gawa ce, ba komai a cikinta. Na zauna a kan dutse na ɗora ta a cinya. Kuma ku ji wautar da na yi: da gangan na juya bakinta wajen surin, don a raina nan ne wuri ɗaya a duniya da na tabbata ba ta tashi, sati biyu ina roƙonta ta ƙi. Na sa gindin tafin hannuna na bugi mariƙin nan, ya zarce gaba.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an karya busasshen kara. Na ɗaga kai na ga Bitrus ya miƙe daga bayan suri da gwangwani a hannu, ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya sulale.

Ban san yadda na isa wurin ba. Na same shi kwance a gefensa na dama, ya tanƙwashe ƙafa ɗaya, daidai inda ciyawar nan ta kwanta satin da ya wuce, ba ƙari ba ragi. Takalminsa na hagu ya fita yana gefe. Harsashin a ƙasan wuyansa ya shiga, ɗan rami kamar na ƙusa. Na tallafo kansa ina kiran sunansa ina salati, ina cewa ka yafe mini, ka yafe mini. Ya buɗe ido da ƙyar, ya yi ɗan murmushin nan nasa na tsokana, ya ce, "Likita, ashe ka gyara ta."

Muka tare wata motar katako a bakin hanya, kafin mu shiga gari ya cika a cinyata.

An tsare ni na ɗan lokaci, waɗanda ke wurin suka ba da shaida, aka ce tsautsayi ne aka sake ni. Ni dai ban sake kaina ba. Sai da na koma gida na sa hannu a aljihun wandon ranar na ciro harsashin da na tsinta, na ga ya yi kore-kore da tsatsa, ashe tun Asabar ta farko ya faɗi yake kwance a ciyawa. Matar Bitrus ta kwashe 'ya'yanta uku ta koma Filato, ranar da za su tafi na je na tsaya a bakin tasha na kasa ƙarasawa, ita ce ta hango ni ta ɗaga mini hannu. Ƙungiyarmu daga ranar ta watse, ni kuma ban ƙara taɓa bindiga ba, ko ta wasan yara.

Na yi wata biyu ina bin ƙauyukan Gwari na kewayen nan ina neman tsohuwar, ina so in tambaye ta abin da ta gani, babu wanda ya san mai kamarta. Baba Audu kafin ya rasu ya gaya mini cewa Gwarancin da ta yi masa ranar, rabonsa da jin irinsa tun bakin kakarsa. Ban san ko wace ce ba, ban kuma san abin da ya riƙe bindigar nan sati biyu ba. Abin da na sani shi ne an gaya mana, ƙarfe ya gaya mana, tsohuwa ta gaya mana, dattijo ya roƙe mu, shi kansa Bitrus ya ce mu haƙura, ni na ƙi.

Don haka ku masu riƙe bindiga, ko ta farauta ko ta aiki, ku leƙa cikinta da idonku, kada ku yarda da lissafi, kuma kada ku nuna bakinta inda ɗan Adam yake ko da kun rantse babu komai. In kuma abu ya ƙi muku sau ɗaya, sau biyu, ba tare da dalili ba, ku bar shi, ba kowace gardama ake gyarawa ba. Yanzu gidaje sun cinye filin nan, surin ma babu shi, amma har yau in mota ta bi da ni ta Madalla sai na sunkuyar da kai. Jikokina sun san dokar gidana, ko ɗayansu ya zama likitan gaske, kada a kira sunan nan a gabana.